Sallar da Injin Gashi Ya Cije

Goggonku Talatu ta ba ku labarin Babbar Sallar Guangzhou yadda ya zo mata, kuma ban taɓa tare ta ba. A wajenta ni ne ɗan da ya fifita baƙi a kan ubansa ranar Sallah. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan biki, har ku kanku na lura kun daina tambayata. Ita tana Kano a lokacin, labarin kuwa sai da ya bi bakuna da yawa kafin ya iso mata, kowa ya ƙara masa gishiri. Ni na yi shiru ne saboda Baba yana da rai, bayan ya rasu kuma shirun ya zame mini jiki. Yanzu gwiwa ta fara yi mini gardama a kan matakala, don haka gara in rubuta muku abin da idona ya gani tun ina iya riƙe biro.

Tufafi na je saye China, ba nama ba. Wani ɗan kasuwar Kwari ne ya tura ni in riƙa zaga masa kasuwannin Shahe da Baima ina haɗa kaya, sai dai ni idona bai san yadi ba. A ajiye mini riga biyu, ɗaya ta kirki ɗaya ta banza, sai in zaɓi ta banzar in dawo ina murna. Abin da na sani nama ne, don a gindin tukubar Baba na tashi. Mutanenmu kuwa masu zuwa sari, Kanawa da 'yan Nijar da 'yan Zangon Gana, sai su yi ta cin shinkafa da taliya a shagunan Musulmin China har mutum ya fara mafarkin balangu. Wata Juma'a na gasa wa abokai cinya ɗaya a saman benen da nake haya, kafin wata ya zagayo na bar yadi ga masu ido. Da wannan sana'ar na ɗauko mahaifiyarku da ku biyun farko.

Da gawayi na fara, kamar kowane ɗan mahauci. Mai gidan wata tsohuwa ce, muna ce mata Ayi, wato inna, mace mai kirki amma mai tsoron hukuma kamar me. Ranar da hayaƙina ya shiga tagar maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana, ta hau har saman benen tana haki, ta nuna gawayin da yatsa, ta nuna mini ƙofa. Ba sai an fassara mini ba. Daga baya ta sa aka gaya mini a fili cewa in ta sake ganin ko gutsuren gawayi a gidanta, mu kwashe kayanmu a ranar. Ku kuna yara, ba ku san nauyin wannan maganar ba. Baƙar fata mai mata da ƙananan yara ba ya samun haya a garin nan da sauƙi, kuma takardun zamanmu duk da adireshin gidan aka yi su.

Alhaji Mumuni ne ya fid da ni. Ɗan Zangon Kumasi ne, sana'arsa aika kayan mutane a kwantena, ya san kowace masana'anta da ke kewayen garin. Shi ya samo mini wani ƙaton injin gashi da ake ƙera wa Turawa, baƙi, mai murfi kamar rabin ganga. Ba ya cin gawayi, sai wasu ƙwayoyi na garin katako da aka matse. A gefensa akwai akwati da ake zuba ƙwayar, a ƙasan akwatin kuma bututu ne ya miƙe zuwa wani ɗan kaskon wuta a tsakiyar injin. Cikin bututun akwai murɗaɗɗen ƙarfe irin na injin markaɗe, wani ƙaramin inji na lantarki da makanikai ke ce wa moto yana juya shi a hankali, shi kuma yana tura ƙwayar tana faɗawa kasko, fanka na hura ta. Hayaƙinsa bai taka kara ya karya ba. Ayi ta zo ta tsaya ta kalle shi yana aiki, ta gyaɗa kai, ta ce mini lawban, wato maigida, ta sauka. Tun daga ranar rayuwarmu a gidan ta rataya a wuyan wannan ƙarfen.

A shekarar ne na ɗauko Baba don a yi masa aikin ido, yanar ido ta rufe masa duka biyun. An yi ɗaya, ana jiran ya warke a yi ɗayan, Sallah ta riske shi a wajenmu. Kullum sai ya lallaba ya hau saman benen ya zauna kusa da injin, ba don yana son sa ba, sai don ba ya iya zama nesa da ƙamshin nama. Ranar farko ya ɗebi ƙwayar ya murza a tafinsa.

"Ɗanlami, wannan kashin awakin ne wutarka?"

"Itace ne, Baba. Niƙa shi aka yi."

"To. Allah Ya sa mu ga alheri. Wutar da ba ka ganinta, ta yaya za ka san ta yi fushi?"

Mutum shida ne suka ba ni amanar ragunansu a Sallar, Baba na bakwai. Dukkansu a otal suke ko a ɗakunan da ba a girki, sun sayi rago sun dogara da ni in gasa, su zo su karɓa su rarraba wa 'yan uwa. A can ba a yanka a ƙofar gida. Bayan Idi muka bi wata 'yar bas zuwa wata gona a bayan gari inda Musulmin China ke kiwo, kowa ya yanka nasa. Baba ya ƙi yarda a yanka masa. Ya lalubi wuyan ragon da hannun hagu, ya ambaci sunan Allah, ya ja wuƙar sau ɗaya, sai da masu gonar suka tsaya kallo. Aka feɗe, aka zuba naman da ɗuminsa a cikin manyan ledoji, aka jibga a bayan bas ɗin. Baba ya ce a fara sa nasa, don haka shi ne a ƙasan duka. Ga cunkoson motoci, ga zafin garin nan wanda ba irin namu ba ne, zafi ne mai jiƙa mutum yana zaune. Tun a hanya nake leƙen ledojin ina ganin gumi na tsattsafo musu ta ciki.

Rana ta kusa tsakiya muka gama hawa da naman. Da safe kafin in fita na riga na juye sabon buhun ƙwaya a akwatin, ko leƙawa ban yi ba. Na danna maɓalli. Fanka ta tashi, ɗan hayaƙi ya fito daga ragowar da ke kaskon, ya yi siriri, ya ɗauke. Na kasa kunne ina jiran ƙarar da na saba ji, tak, tak, ta ƙwaya tana faɗawa, shiru. Na kashe na kunna. Na duba soket, na duba fiyus, duk da na san tunda fanka na juyawa ba wutar lantarki ba ce. Na kara kunnena a jikin akwatin, sai na ji moton yana gurnani a maƙoshi, yana son juyawa an riƙe shi, na taɓa shi na ji zafi. Mai hankali a nan zai zare waya. Ni kuwa tsoro ya riga ya hau kaina, na yi ta kashewa ina kunnawa kamar mai tashin jaki, har na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Daga nan moton ya saki jiki yana juyi da sauƙi, ƙarfen kuma bai motsa ba.

Na zare wayar, na fara kwashe ƙwayar da kwano. Ta sama lafiya lau, busasshiya, tana sheƙi. Da na yi ƙasa sai hannuna ya nutse cikin wani abu mai sanyi kamar dusar da aka jiƙa wa tumaki. Ƙwayar ta kumbura ta farfashe. Na tura yatsa bakin bututun, can kuma ta sandare, ta kama ƙarfen ta riƙe gam. Ruwa ne ya shiga, wannan ba shakka. Amma ta ina? Murfin akwatin a rufe yake, tamfol a kai, kuma ba a yi ruwan sama ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Na sauka neman sukundireba, na tarar da mahaifiyarku a kicin ta ɗora kasko za ta fara soya kayan ciki. Ta ga hannuna, ta ga fuskata.

"Baban Amira, lafiya?"

"Ruwa ya shiga injin. Ƙasan akwatin duk ya jiƙe."

Ta ajiye matsamin hannunta. Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta rage murya.

"Jiya da la'asar, da ka tafi sayo kayan yaji, Baba ya ce in kawo masa ruwa a kwano. Ya yi tofi, ya yayyafa wa wuƙaƙe da tsinkaye. Ya ce in buɗe masa inda wutar ke cin abincinta. Ragowar ruwan duk a ciki ya juye."

"Kika buɗe masa?"

"Surukina ne. In ce masa a'a?"

Tun ina yaro na san wannan al'adar tasa. Duk jajibirin Babbar Sallah sai ya yi tofi a ruwa ya yayyafa wa kayan aiki, ya zuba sauran a kan buhun gawayi, don Allah Ya tsare wuta daga ƙona amanar mutane. Ni kaina na sha riƙe masa kwanon. Gawayi bai damu ba, ya sha ruwan ya bushe. Ban taɓa gaya masa cewa wannan ƙwayar ba ta shiri da ruwa ba, don ban taɓa zaton zai kula injin da yake yi wa ba'a ba. Ashe a ransa ya karɓe shi cikin kayan sana'a, ya ba shi abin da yake ba nasa. Na ji haushi, na ji tausayi, na rasa wanda zan fara haɗiyewa. Na ce wa mahaifiyarku maganar ta tsaya a kicin ɗin nan, na sa ta kira Alhaji Mumuni a waya, na koma sama.

Baba yana zaune inda na bar shi, bandeji a ido ɗaya, hularsa a gwiwa.

"Ban ji ƙamshin wuta ba."

"Ƙwayar ce ta jiƙe, Baba. Damshin garin nan ne, ka san shi."

"Miƙo in gani."

Na zuba masa kaɗan a hannu. Ya murza, ya matse har ta dunƙule, ya kai hanci ya daɗe yana shinshinawa. Ya kakkaɓe hannunsa a hankali, ya juya fuskarsa wajen da ledojin suke.

"A fito da naman nan daga leda tun bai fara magana ba. Kai kuma ka aika a samo gawayi. Bulo huɗu da waya sun ishe ni, kafin la'asar na gama da rabi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Masu gashin titi 'yan yammacin China suna da gawayi, da na aika da an kawo. Amma Ayi tana hawa na biyu, ranar kuma tagogin maƙwabta duk a buɗe suke saboda zafi. Raguna bakwai a kan gawayi ba hayaƙin da zai ɓuya ba ne. Na tuna ku biyu kuna ƙasa da kayan Sallarku, na tuna yatsan tsohuwar nan yana nuna ƙofa. Gaba kura, baya sayaki. Tunda nake ban taɓa ce wa Baba a'a a kan maganar wuta ba, shi ya koya mini ita.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan hura gawayi a gidan nan ba."

"Amanar mutane ce fa a ƙasa."

"Na sani. In na hura, yau a titi jikokinka za su kwana. Zan gyara injin."

"In bai gyaru ba fa?"

Ya ɗauki hularsa ya sa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya dai fara ba da umarni kamar yana rumfarsa: wannan a kai firiji, wannan a ba mahaifiyarku ta soya abin da kaskonta zai ɗauka, a sayo ƙanƙara a jera sauran a kai. Firijin namu na gida ne, rago ɗaya ya cika shi, ƙanƙarar da aka samu a shagunan layin kuma ba ta kai ta kawo ba. Na ɗauko ragonsa zan fara kaiwa, tunda shi ya fi shan matsa a mota, sai ya ɗaga hannu.

"Wannan nawa ne. Na ji nauyinsa a tafiyarka. Ajiye."

"Baba, shi ya fi buƙata."

"Yaushe ka ga mahauci ya sa nasa a gaba? Rataye shi a inuwa ya sha iska."

A Kano da an rataye shi ya kwana ya tsane, ba abin da zai same shi. Iskar Guangzhou kuwa ita kanta a jiƙe take. Na faɗa masa, ya ce ya ji. Na rataye ragon a ƙarƙashin rumfar tankin ruwa, shi kuma ya ja kujerarsa ya zauna a gindinsa.

Alhaji Mumuni ya iso da jakar kayan aiki, babbar rigar Sallarsa ta manne masa a baya. Hausarsa ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Massa, matanka ya ce wuta ya ƙi kamawa. Mu gani."

Muka kwance notunan da ke riƙe da moton, muka zare shi. A inda bakinsa ke haɗuwa da murɗaɗɗen ƙarfen akwai wata 'yar ƙusa da ke ratsa su biyun, ita ce ta karye gida biyu, ƙarar da na ji ke nan. Mumuni ya ɗaga guntun ya nuna mini.

"Wannan fansa ne. An yi shi don ya karye, moto ya tsira. Ka gode Allah."

Ban iya godiyar kirki a lokacin ba, don ƙarfen yana nan a cije. Muka kama bakinsa da babbar sifanar masu gyaran famfo, na danna da duk ƙarfina, ko gezau. Mumuni ya ce kar in matsa da yawa, in ya lanƙwashe a ciki mun gama yawo. Sai muka cire wayar gashin da farantin da ke rufe kaskon wutar, na kwanta rabin jikina a cikin injin ina sassaƙar abin ta ɗaya bakin da sukundireba, shi kuma yana bubbuga bututun ta waje da guduma a hankali. Garin katako yana zubo mini a ido, gumi na bin sa. Wayata na ta ruri a aljihu, masu raguna ne, kowa da fara'arsa ta Sallah yana tambaya ko ya taho. Ina ce musu sai dai yamma, muryata kamar ba komai. Duk lokacin da na ɗago kai sai na shaƙi iskar wurin ina neman warin da nake tsoro, kuma ƙudaje sun riga sun ji labari. Muka yi azahar a tsaitsaye muka koma.

Dabarar da ta yi aiki ba ƙarfi ba ce. Gaba kaɗan, baya kaɗan, a buga, a sake, kamar mai cire haƙori. Can ƙarfen ya motsa kamar faɗin farce, na ɗauka hannuna ne ya zame. Muka ci gaba da lallashinsa har ya yarda ya yi juyi ɗaya, sannan muka riƙa murɗa shi baya muna ja. Ya fito da tsawonsa, kowane lungu nasa cike da abin nan ya daskare, muka kankare shi da wuƙa. Na cusa tsumma a kan sanda na share bututun, mahaifiyarku ta kawo na'urarta ta busar da gashi muka hura masa iska mai zafi har ya bushe. Mumuni ya ce yau dai gashi ya taimaki gashi. Shi kaɗai ya yi dariyar.

Saura ƙusa. Na ɗauki guntayen na sauka da gudu, na bi shagunan kayan ƙarfe na unguwar ina nunawa. Wannan ya juya ta ya ce meyo, babu. Na gaba ma meyo, ko kallona bai yi ba. Kalmar nan na ji ta ba adadi a kasuwa, amma ranar sai na ji kamar a ƙirjina ake ajiye ta. Wata mata ce a ƙarshen layi ta juye mini gwangwanin tarkace a kan tebur, na tsinci wani siririn noti mai kauri ɗaya da ita. Mumuni ya yi ta jujjuya shi, ya ce wannan ba zai karye ba, in abin ya sake cijewa moton ne zai ƙone, kuma babu wani a kusa. Na ce mu sa. Muka mayar da komai, na zuba busasshiyar ƙwaya tafi ɗaya kawai, na yi bisimilla na danna. Moton ya ɗauka. Bututun yana da tsawo, ƙarfen kuma ba ya sauri, muka tsaya mu biyu muna kallon kasko wayam. Baba ne ya riga mu ji daga inda yake zaune.

"Ga shi nan yana zubowa."

Sai a sannan na ji tak, tak. Hayaƙi ya taso, wutar ta kama da ɗan gurnaninta. La'asar ta riga ta yi sanyi. Injin ba ya ɗaukar fiye da rago biyu a datse, kuma kowane zubi sai an ba shi lokacinsa. Na nufi rumfar tankin kai tsaye, Baba ya miƙe ƙafarsa ya tare hanya.

"Na Alhaji Issufu ɗan Maraɗi shi ya fi laushi, na ji shi ɗazu. Fara da shi."

"Baba, cinya ɗaya kawai. Akwai wuri a gefe."

"Wurin nan na wani ne."

Na yi niyyar in faki idonsa, tunda ba gani yake sosai ba. Amma bai tashi daga gindin ragon ba sai don salla, a wurin ma yake shimfiɗa dardumarsa. Mahaifiyarku ta aiko a yanko mata ko kaɗan ta soya masa, ya ce ta gama da na mutane tukuna. A lokacin na ɗauka fushin gawayin ne yake hucewa a kaina, raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata tsohon nan taurin kansa zai kashe ni. Ina ɗora nama ina saukewa, kunnena na kan moton, ko ya canza murya in yi tsalle in zare waya. Masu raguna suka riƙa zuwa suna karɓa, suna sa albarka, suna gaida Baba. Ba wanda ya san abin da aka yi a saman benen nan da rana. Wasu suka yanko masa rabonsa, ya yi godiya ya ce a kai wa yara.

Sai da asuba zubin ƙarshe na mutane ya sauka. Muka yi salla, gari ya fara haske, na ɗauki wuƙa na nufi rumfar. Tun kafin in ƙarasa na san an gama. Na dai tsaga cinyar har ƙashi don zuciya ba ta yarda da hanci, cikin ya yi kore-kore, yana yauƙi. Na tsaya da wuƙa a hannu na kasa juyowa. Mutumin da ya shekara fiye da hamsin yana gyara layyar mutane, tasa ta ruɓe a gidan ɗansa, a hannun ɗansa. Kunya ta rufe ni, na ce da na hura gawayin da ba a kai ga haka ba.

"Na mutane duk sun fita lafiya?"

"Duk lafiya, Baba."

"Alhamdu lillahi. Kawo buhu."

"Baba, ka yafe mini. Da na bi maganarka..."

"Kawo buhu, Ɗanlami, kafin tsohuwar nan ta tashi ta ji wari."

Na kawo. Muka sauke ragon muka sa, na ɗaure bakin. Na sunkuya zan saɓa a kafaɗa, ya ce a'a, shi ma zai kama. Na ce matakalar tana da tsawo kuma ba ya gani, ya ce ai hannu ke ɗauka, ba ido ba. Haka muka fara sauka, ni a gaba ina ja da baya, shi a sama yana riƙe da kunnen buhun da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben bango. A wani hawa ya tsaya yana mayar da numfashi, buhun na tsakaninmu.

"Layya dai ta yi, jini ya zuba. Kar ka sa wa ranka."

"To, Baba."

"Kuma ba kai ba ne. Ragon nan sau biyu na yanka shi. Jiya da wuƙa, shekaranjiya da ruwa."

Na buɗe baki zan sake kawo maganar damshin gari, ya girgiza kai.

"Damshin gari ba ya taruwa a gindin akwati. Tun da ka zuba mini a hannu na san ruwana ne. Wanda ya jiƙa wuta, nasa ne ke jira."

Ya gyara riƙonsa a kunnen buhun, ya laluba da ƙafa ya sami matakala ta gaba.

"Mu je. Ka riƙa gaya mini in mun zo kwana."